Kwanakin da Baba Ya Yi a Ƙasar Mutane

Ni na jawo tafiyar, shi ya sa har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, ko da yake abin ya kwana biyu da wucewa.

A lokacin ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Gaya, inda aure ya kai ni. Iyayena kuwa suna Gafasa, can ƙasar Ajingi. Baba manomi ne kamar kowa, gero da gyaɗa da ɗan wake, amma da zarar aikin gona ya yi sauƙi sai ya koma masaƙarsa da ke gindin darbejiya a ƙofar gida. Ya ce da can layinmu kaɗai masaƙa bakwai ne. Ni dai biyu na taso na tarar, kafin in gama sakandare kuma ta rage tasa kaɗai.

Wata Litinin shugabar makarantarmu ta tara mu ta ce za mu yi baƙi. Ofishin jakadancin wata ƙasa ya ba makarantu kyautar littattafai, an sa da mu, kuma jami'ar da ke kula da harkokin al'adu a ofishin ce za ta kawo da kanta. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba. Nesa take, ana sanyi ƙwarai, kuma ba ta cikin ƙasashen da mutanenmu suka saba zuwa. Aka rarraba aiki, ni aka ce in nemo abin da za a rufe teburin manyan baƙi, don ɗalibai sun gama zane shi da biro. Sai na ɗauko gwadon da Baba ya saƙa mini na tafi da shi gidan miji, fari mai ratsin baƙi da ja.

Ranar taron aka yi ta jawabi. Baƙuwar doguwa ce siririya, gashinta ya fara furfura, ta yafa ɗan gyale. Na lura hankalinta ba ya kan masu jawabi. Gefen gwadon take ta shafawa, tana juya shi tana duba ɗinkin. Da aka tashi sai ta tambayi shugaba, shugaba ta nuna ni. Ta zo ta gaishe ni da Hausa tsantsa, irin ta masu karanta labarai a rediyo.

"Don Allah, Malama, wane ne ya saƙa wannan?"

Na ce, "Mahaifina ne, ranki ya daɗe."

"Yana raye?"

"Yana nan da ransa. Har gobe yana saƙa."

Ta karɓi lambar wayata. Na koma gida kaina ya yi girma, na rasa wanda ban ba labari ba.

Bayan mako biyu ta zo Gafasa. Ta zauna a tabarma kusa da masaƙar, ta miƙe ƙafa kamar 'yar gida. Mutane suka sa mata suna Jakadiya. Ta yi ta bayani cewa jakadan daban ne, yana Abuja, ita ƙaramar ma'aikaciya ce, amma ina, sunan ya riga ya bi ta. Ta gaya wa Baba cewa a ƙauyukan da ke cikin duwatsun ƙasarsu ma akwai tsofaffi masu saƙa siririn ƙyalle irin nasa, su ma sun kusa ƙarewa. Ƙasashen biyu suna bikin tunawa da daɗewar zumuncinsu, don haka ana shirya taron masu sana'ar hannu a can. Mutum biyar za a ɗauka daga nan, mako uku za a yi. Tana so Baba ya zama ɗaya.

Duk maganar nan da take yi Baba bai daina jefa ƙoshiyarsa ba, ɗan katakon nan da ke ɗauke da zare yana kai da komo. Sai da ta yi shiru sannan ya ɗago ya ce, "Na gode. Sai na yi shawara."

Shawarar ce ta zama rigima. Yayana, babban ɗan Baba, mai sayar da gyaɗa a kasuwar Ajingi, ya ce sam.

"Tsohon da bai taɓa wuce Kano ba, ko Makka Allah bai kira shi ba tukuna, a ce tafiyarsa ta farko ƙasar da ba a kiran salla? Kuma me suke so da shi? Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Na ce, "Yaya, ba sayensa za su yi ba. Haka ƙasashe suke yi, a kai naka a kawo nasu, a san juna."

"Su san juna da 'ya'yan manya mana. Sai da namu uban?"

Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Muka yi ta yi, ni ina kawo hujjar boko, shi yana kawo labarin waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Can sai Baba ya yi gyaran murya.

"Tun ban yi gemu ba nake wannan aikin. Babu mahaluƙin da ya taɓa zama ya tambaye ni yadda ake ɗaura zare. Ku da na haifa ma ba ku tambaya ba. Wannan baiwar Allah ta taso daga uwa duniya ta tambaya. Zan je."

Ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. Ya ce, "Uwata, ke kika san hanyar takardu. Sai ki shige gaba."

Na ji daɗi da na yi nasara a kan Yaya. Amma tun daga wannan ranar na gane in komai ya faru, a wuyana yake.

Muka yi fasfo a Kano, sannan muka tafi Abuja neman biza, ina da cikin wata shida. A ofishin jakadancin aka ce Baba ya ɗora yatsunsa a kan wata na'ura. Ya ɗora, ba ta ɗauka ba. Aka goge, ya sake. Aka shafa masa mai, ya sake. Ashe zare ya cinye zanen yatsun nasa, sun yi sumul kamar bayan ƙwarya. Ma'aikacin da ke bayan gilashi ya yi ta girgiza kai. Baba ya matso kusa da kunnena ya ce, "Uwata, ko dai ishara ce?"

Allah ya sani, a wannan lokacin na so a ce an hana. Da mun koma gida kowa ya huta, ba laifin kowa. Amma sai ga Jakadiya ta sauko daga bene, ta yi magana da su da harshensu, ta sa hannu a wata takarda. Ta kama hannun Baba ta daɗe tana kallon yatsun. Kwana goma bayan nan biza ta fito.

Ni ba halin in bi shi saboda ciki. Yaya kuwa ya ce ƙafarsa ba za ta taka jirgi ba. Aka ce kada mu damu, akwai wani dattijo Bahaushe, tsohon ma'aikacin ofishin, shi zai yi musu tafinta. Sauran abokan tafiyar daga wasu jihohi suke, da marini, da baduku, da mai sassaƙar ƙwarya, da wata mata mai ginin tukwane.

Inna ta haɗa masa garin kunu da yaji da ƙuli-ƙuli da daddawa. Na cire daddawar don kada a tsare shi a filin jirgi, ta mayar, na sake cirewa. Aka kwance masaƙar aka ɗaure sandunan wuri ɗaya. Baba yana da hawan jini, don haka na saya masa maganin wata guda cif, na mako uku da ɗan ƙari. Na rubuta wata takarda da Turanci, sunansa da ciwonsa da abin da ba ya ci, da cewa yana bukatar wurin salla sau biyar, na soke ta da fil a cikin aljihun rigarsa. Ya yi dariya ya ce na mayar da shi buhun da za a aika Legas. An gama yankan gero aka tafi, gyaɗa tana gona.

Kwanakin farko lafiya lau. Bayan kowane kwana biyu tafinta yakan kira ni da la'asar ya miƙa wa Baba waya. Baba yana magana da ƙarfi kamar yana kiran wani daga ƙarshen gona. Ya ce sanyin garin har cikin haƙori, rana ba ta fitowa sai ta ga dama, abincinsu kuwa kamar an dafa wa mara lafiya, ba don yajin Inna ba da ya mutu da yunwa. Ya ce mutane suna yin layi su kalle shi yana saƙa, wasu har su nemi ya bar su su gwada. Nakan kira Gafasa in maimaita wa Inna kalma da kalma. Waɗanda suka yi ta tsegumi a gari suka koma cewa ai dama sun san mutumin nan zai yi nisa.

Ranar da ya cika kwana goma sha biyu, da safe ina ɗaura wa ƙaramar 'yata takalmin makaranta, rediyo yana kan taga, sai na ji an ambaci sunan ƙasar. Na tsaya cak. An samu saɓani tsakanin gwamnatinmu da tasu. Har yau ban gama fahimtar tushen abin ba, wani jirgin ruwa ne da aka tsare da mutanen cikinsa, kowane ɓangare yana cewa ɗayan ne ya fara. Abin da na ji sarai shi ne, an kira jakadanmu ya dawo gida. Kashegari su ma suka kira nasu. Rana ta uku aka ce jirgin saman da ya kai su Baba ya daina zuwa.

Na kira tafinta, ba ta shiga. Na sake, na sake, har yatsana ya gaji. Na kira ofishin jakadancin, wata murya da aka naɗa ta ce an dakatar da aiki sai abin da hali ya yi. Na kira Jakadiya, wayar tana ta ƙara babu mai ɗauka. A makaranta ina shiga ɗakin malamai sai hira ta mutu. Wani malamin tarihi, da nufin ya nuna ya san duniya, ya ce ai a irin wannan yanayi riƙe 'yan ƙasa ake yi a yi ciniki da su. Shugaba ta daka masa tsawa, amma maganar ta riga ta shiga. Na shiga aji na rubuta kwanan wata a allo, na tsaya riƙe da alli na manta abin da na zo koyarwa.

Maigidana ya yi ta ba ni baki, yana cewa faɗan manya ne, da baki ake yinsa, ba a taɓa talaka. Na ce masa talaka ai shi ake fara mantawa. Na ɗauki hutu na hau motar Ajingi.

Ranar kasuwa ce. Na tarar da Yaya a rumfarsa tsakanin buhuna, yana auna wa wata tsohuwa gyaɗa. Na shirya wa faɗa, na ma fi so ya yi faɗan. Amma bai ɗaga murya ba. Ya gama awo, ya karkaɗe kwano, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki ƙarasa gida ki gaya wa Inna da bakinki. Ke kika iya bayanin yadda ƙasashe suke sanin juna."

Ɗan acaɓan da ya kai ni Gafasa ya yi ta lallaɓawa saboda cikina. Ko da na isa, labari ya riga ni. Tsakar gida cike da mata, kowacce ta shigo sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya muka ji da wannan abu? Sai haƙuri." Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana amsawa. Da wata ta fara matsar ƙwalla, sai na ga Inna ta miƙe. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ga baƙo ba sai ranar.

"Jama'a, ba a yi mana rasuwa ba. Malam tafiya ya yi. Wadda ta zo gaisuwar mutuwa ta yi ɓatan kai."

Suka watse sumui-sumui. Ta koma ta zauna. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, ki yafe mini, ni na jawo."

Ta ce, "Tashi, kar ki danne yaron mutane. Ke kika ɗaura masa igiya? Mutumin da na zauna da shi shekara da shekaru, in ya ce zai yi abu ko ubansa bai isa ya hana shi ba." Sannan a hankali ta ce, "Maganin nan nasa, na kwana nawa kika ce?"

Abin da ke cina ke nan, ashe ita ma shi ke cin ta. Na ce na wata guda. Na ga leɓenta yana motsi, tana lissafin kwanaki.

Na zauna a Gafasa. Ranar da aka sa za su dawo ta zo ta wuce kamar kowace rana. Rediyo ba ya barin hannuna, ina bin tasha tasha. Wata rana a ce ana tattaunawa, wata rana a ce an tashi baram-baram, wata rana ko ambaton zancen ba za a yi ba, sai ƙwallo da farashin taki. Babu wanda ya taɓa cewa akwai wasu masu sana'ar hannu su biyar a can. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Na rubuta wa duk ofishin da na san sunansa, babu amsa. Abinci ya daina shiga. Ƙafafuna suka kumbura, ma'aikaciyar asibitin garin ta auna ni ta ce nawa jinin ma ya hau, in ban kwantar da hankali ba zan jawo wa kaina abin da ya fi wannan. Kullum da safe Inna takan fita ta share gindin darbejiyar, har cikin ɗan ramin da Baba ke zura ƙafafunsa, sannan ta dawo ciki. Yaya ya tara mutane aka cire gyaɗa. Yakan shigo ya gaida Inna ya fita, ni kuwa kamar ba na wurin.

Saura kwana uku maganin ya ƙare, wata Alhamis da hantsi, sai ga wata tsohuwar motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Ba tuta, ba direba mai kaki. Jakadiya ce ta fito, ta rame, idanunta sun faɗa. Ta yi sallama ta cire takalmi ta zauna a tabarma. Kafin a kawo ruwa Yaya ya iso, wani ya kira shi.

Ta ce an umarce su su bar ƙasar nan cikin 'yan kwanaki. An hana su amsa waya ko magana da kowa sai da izini, layin tafinta kuma na ofis ne, an rufe shi tare da sauran. An turo ta Kano ta kwashe kayan wani ɗakin karatu da suke da shi, shi ne ta saci jiki ta ɗauki shatar mota.

Yaya ya ce, "Ku da gwamnati kuna faɗanku. Shi tsohon me ya yi muku?"

Ta ce, "Bai yi komai ba, Alhaji."

"Ni ba Alhaji ba ne. Yaushe zai dawo?"

"Ban sani ba. Da na sani da shi zan fara faɗa. Ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na sani, ba a tsare su ba, ba wanda ya taɓa su, ana neman hanyar da za su biyo ta wata ƙasa. A gidan nan na zauna na roƙe shi, shi ya sa na ga bai kamata ku ji daga bakin kowa ba sai nawa."

Ina jin Yaya ya shirya wa ƙarya ne, bai shirya wa wannan ba.

Sai ta ciro waya ta ce an aiko mata da wani ɗan bidiyo shekaranjiya. Muka matso. Ga Baba a cikin wani ɗaki na katako, sanye da wata ƙatuwar riga mai gashi a wuya, hularsa tana nan daram. Kusa da shi wani tsoho ne mai farin gashin baki, kowa a kan masaƙarsa. Baba ya dubi mai ɗaukar hoton ya ce da ƙarfi, "A gaya wa mutanen gida lafiyata ƙalau. A gaya wa babban kar ya bar gyaɗar nan ta kwana a gona. Uwata kuma ta daina kuka, na san halinta."

Inna ta kau da kai kamar ba ta so ta gani, tana kallo ta gefen ido. Da hoton ya ƙare ta ce, "Rigar wa ya sa?"

Jakadiya ta ce ta tsohon ce, shi ya ba shi.

"A sake kunnawa," in ji Inna. Sau huɗu aka kunna.

Na yi maganar magani. Jakadiya ta dafe kai, ta ce wallahi ba ta san da wannan ba. Na kawo mata tsohon kwalin, ta ɗauki hotonsa. Ta yi ɗan tunani, sannan ta rubuta mini wata lamba a bayan kwalin. Ta ce ta ƙanwarta ce, ma'aikaciyar jinya ce a can, ba ruwanta da gwamnati, ba wanda zai hana ta amsa waya, kuma tana jin Turanci. A gabanmu ta kira ta, suka yi magana mai tsawo da harshensu.

Inna ta dama fura ta miƙa mata. Ta shanye tas. Da za ta tafi Yaya ne ya raka ta har mota, na hango shi yana nuna wa direban hanyar da ta fi kyau zuwa Gaya. Ban sake ganinta ba.

Kwana biyu bayan nan ƙanwar ta aiko mini da hoton hannun Baba riƙe da sabon kwalin magani. Ta yi tafiyar rabin yini a jirgin ƙasa kafin ta kai masa. Daga nan ita ce ta zama kunnenmu. Amma ita ma ba ta san ranar dawowa ba. Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa. A na biyun har Yaya ya kai Wudil a hanyarsa ta zuwa filin jirgi, na kira shi na ce ya juyo. Wannan ne karon farko da ya amsa wayata tun da abin ya faru. Ya ce, "To," ya kashe.

Sai da Baba ya yi mako shida da kwana biyu sannan suka sauka a Kano, bayan sun kwana a filin jirgin wata ƙasa ta uku. Ni ban iya zuwa tarye ba. Ina zaune a zaure da la'asar na ji yara suna ihu, sai ga motar Yaya. Baba ya fito a hankali, ya rame, yana tari, rigar nan mai gashi a kafaɗarsa duk da zafin da ake yi. Na yunƙura zan tare shi sai kuka ya ƙwace mini. Shi ya ƙaraso ya dafa kaina ya ce, "Ai na ce a gaya miki ki daina."

Da aka natsa, mutane suka cika ƙofar gida suna so su ji yadda aka yi da su. Suna jiran labarin sojoji da kurkuku. Baba ya ce shi bai ga faɗa ba. Abin da ya lura kawai, masu ɗaure wuya da ke zuwa kullum a ɗauke su hoto sun daina zuwa, aka rufe zauren taron, tafinta ya shiga damuwa yana ta fita waje da waya. Da kwanakin masaukinsu suka ƙare, sai masu sana'ar garin suka rarraba su a tsakaninsu, kowa ya ɗauki abokin sana'arsa. Shi kuma tsohon nan mai farin gashin baki ne ya tafi da shi ƙauyensu. Ba mai jin harshen wani. In lokacin salla ya yi, tsohon yakan duba agogo ya taɓa masa kafaɗa, matarsa ta kawo ruwan ɗumi. Sun gane ba ya cin namansu, sai suka koma ba shi kifi da dankali har ya gundure shi. Wani ya tambaye shi to me suke hira a kai. Ya ce, "Zare mana. Ya nuna mini nasa ƙulli, na nuna masa nawa. Nasa ya fi sauri, nawa ya fi ƙarko. Mun yi musu sosai."

Tarin ya ɗauki wata guda kafin ya sake shi, kuma ƙarfinsa bai koma kamar da ba. Yaya yana ganin tafiyar ce ta ci shi, ni kuma ba ni da bakin musu. Na haihu mako uku bayan dawowarsa, namiji. Ranar suna Yaya ya kawo rago da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sannu da arziki," muka ci gaba daga nan ba tare da an tayar da tsohon zance ba.

Bayan kamar shekara guda na ji a rediyo ƙasashen biyu sun shirya, jakadu sun koma, an yi liyafa. Na rubuta wa ofishin ina tambayar Jakadiya. Wani sabon jami'i ya amsa mini cikin ladabi cewa an canza mata wurin aiki, kuma shi bai tarar da wani bayani a kan taron masu sana'a ba. Lambar ƙanwar ma daga baya ta daina shiga.

Da damunar bana na je Gafasa na tarar da Baba a zaure, ruwa ya hana shi fita. Muna cikin hirar taki da tsadar iri sai kawai ya ce, "Uwata, mutumin nan nawa, babu yadda za a yi a ji ko yana raye? Ya girme ni fa."

Na tambaye shi sunan ƙauyen. Ya faɗi wani abu, ya sake faɗa daban. Na duba a waya ta kowace irin rubutawa, ban samu ba. Na ce masa zan ci gaba da nema. Ya gyaɗa kai, ya ce in miƙo masa butarsa, an kusa kiran azahar.